Littafin Rabaran da ban mayar ba

Shekarun baya, ina aji uku a sakandare a Ƙaura Namoda, akwai wani Rabaran na cocin Angilikan a bayan layinmu. Suna mutunci sosai da mahaifina, wanda ke karantar da fiƙihu a zaurenmu. Wata Babbar Sallah aka aike ni gidansa da cinyar rago, a nan na fara ganin ɗaki cike da littattafai har rufi.

Ya ga na tsaya na saki baki. "Ɗan Malam, ɗauki ɗaya. Sharaɗi dai, in ka maido za ka faɗa mini abin da ka gani a ciki."

Ni kuwa magana ce ban iya ba. Sai in rubuta ra'ayina a 'yar takarda in cusa a tsakiyar littafin, in yi masa bango da takardar buhun siminti, in ajiye in gudu. In na karɓi na gaba, sai in tarar da amsarsa a ciki da jan biro. Shekara uku muna haka. Ko ya hau babur ya tafi duba mabiyansa a Shinkafi da Zurmi, yakan bar mini littafi wurin matarsa.

Sai aka zaɓe shi Bishop, za a kai shi wata jiha. Mahaifina ya ce, "Tashi ka tai ka yi mai bankwana, ka maida mai littafinai." Na ce to. Amma na ƙudura sai na rubuta wasiƙar godiya wadda ba kuskure ko ɗaya. In rubuta, in yaga, in sake. Kwana huɗu. Ranar da ta yi mini, na tarar da ƙofarsa da kwaɗo, sai sawun tayar babbar mota.

Sau biyu yana aiko wa mahaifina gaisuwa, yana cewa a tambayi Ɗan Malam me ya gani a littafin ƙarshe. Na ce bari in ɗan gyara wasiƙar tukuna. Mahaifina ya girgiza kai: "Kai da gyara!" Har Bishop ya yi ritaya ina gyara. Bara muka ji rasuwarsa.

Yanzu in godiya ta zo mini, ina faɗinta a take. Littafin yana cikin akwatina a jami'a, wasiƙar na tsakiya, inda ya saba dubawa. Wani lokaci nakan buɗe a hankali, ina neman jan biro.