Ɗan Takarar Da Myrtle Ta Yi Wanka Da Shi

Wendell Krauss ya shekara arba'in yana aski a garinmu, a jihar Ohio, amma ba da almakashi aka san shi ba. Tarkacen zaɓen shugaban ƙasa yake tarawa: bajojin maƙalawa a riga, kofuna, matazai, har da abin kashe ƙuda mai hoton ɗan takara. Kuma na waɗanda suka sha kaye kawai.

"Wanda ya ci ai yana da gunki a dandali," in ji shi. "Wanda ya faɗi kuwa, ni kaɗai gare shi."

Abin da ya fi ji da shi wani sabulu ne da ya gada wurin kakansa, mai siffar kan wani ɗan takara mai gashin baki da ya faɗi tun kafin lantarki ya zo garin. Shekara goma Wendell yana roƙon ɗakin karatun gari su baje kayansa. Bana suka yarda, da sharaɗin sai da sabulun, don hotonsa aka buga a sanarwa.

Sai aka shiga zafi. Gudun kada ɗan takara ya narke, Wendell ya kai shi wuri mafi sanyi a gidan, wato banɗakin baƙi. A makon ne Myrtle, yayar matarsa, ta zo kwana uku.

Ina zaune a kujerar aski a shagonsa da ke ƙasan gidan, Wendell ya hau sama ɗauko sabulun, sai na ji ihu.

"Myrtle! Ina hancinsa?"

"Hancin wa?"

"Mutumin da ya kusa mulkin ƙasar nan! Kin wanke shi!"

"Shi dai ya wanke ni. Ko kumfar kirki ba ya yi, ba mamaki ya faɗi."

Matarsa Lorraine ta ce, "Haba tsoho, wanda ya ajiye sabulu kusa da famfo ai ya ba da izini."

Haka ya kai shi ɗakin karatu, sumul kamar ƙwai. Shugabar wurin ta juya shi, ta ce ba wannan ta tallata ba, amma ta riga ta sayi lemo da biskit, sai a buɗe. Wendell ya rubuta gaskiyar abin da ya faru a kati, ya ajiye gefensa.

Mutane suka yi dafifi, har aka ƙara wa baje kolin mako biyu. Wendell na tsaye da sabuwar kwat, a shirye ya ba da tarihi. Kowa sai ya gaishe shi da ladabi, sannan ya tambaye shi ina Myrtle, yana son su ɗauki hoto.