Kwamfuta da Sunan Ɗan Fari

Muna idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da direba da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato. Kujerar gaba kwamfuta aka ba, an naɗe ta da bargo kamar jaririya, mu kuma muka takure a baya da ƙaramin janareta. An tura mu ne mu zagaya ƙananan asibitocin da ake duba masu shaye-shaye, mu kwashe bayanan da ke kan katunansu mu zuba a na'ura. Ni dai dariya abin ya ba ni. Fetur sai a galan wajen 'yan bumburutu, wuta sai ta ga dama, ina mu ina kwamfuta?

Mun tarar da Maigatari tana ci, ranar kasuwa ce. Raƙuma, shanu, masu canjin sefa, ko'ina ba masaka tsinke. Muka karya da shayi da dogon burodin Nijar, mai taurin da sai ka jiƙa shi kafin haƙori ya shiga. Yawancin masu jinyar can masu lodin dabbobi ne, suna haɗiyar ƙwaya don kada su ji gajiya, har ta fi ƙarfinsu. Katunansu kuwa gara ta riga mu karanta wasu. Abin da ya rage muka shigar har yamma.

Hanyar Sule Tankarkar yashi ne zalla. Motarmu ta kafe, mutanen wani ƙauye suka tura mu, suka kuma cika mana ƙwarya da fura da nono, ko sisi suka ƙi karɓa. Allah Ya saka musu. A Sule Tankarkar muka kwana, muka yi aikinmu, washegari muka gangara Gagarawa.

Muna cikin haɗa wayoyi aka shigo da wani mutum a amalanke, yana fizge-fizge, bai san inda kansa yake ba. Uwarsa ce ta kawo shi, tsohuwa siririya. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗauko allurar da za ta kwantar da shi, sai tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"'Yar nan, dakata. An taɓa yi masa wata a Maigatari, wuyansa ya kumbura, da ƙyar ya sha."

"Wace iri, Mama?"

"Ina na sani? Ruwa ne a 'yar kwalba."

Na ce ai bayanan Maigatari na cikin na'ura, a faɗa mini sunansa kawai. Mai amalanken ya ce shi da Dogo ya san shi. Tsohuwa ta sunkuyar da kai.

"Mai sunan kakansa ne."

"Inna, kakan nasa wa ke nan?"

Ta kawar da kai. Sai na gane ɗan farinta ne, kuma uwa irin tata ba ta kama sunan ɗan fari, don kunya. Ga shi kakan ma surukinta ne. Abokiyar aikina ta rasa gane abin da ke faruwa, mutumin kuma sai buga kai yake da ƙasa. Tsohuwa ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Habibu," in ji ta. "Habibu Sale."

Na buga, bayanin ya fito. Allurar da ta kusa kashe shi ita ce a hannun abokiyar aikina. Na nuna mata. Ta ajiye, ta ɗauko wata.

Bayan la'asar ya farfaɗo, mai amalanke ya ba shi labari. Ya daɗe yana kallon uwarsa.

"Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinki ba, Inna. Ranar da kika faɗa kuma ba na cikin hayyacina."

Ta juya masa baya, ta ce da mu, "Ku ce masa ya sha kununsa."

Mun iso Gumel ana kiran magariba, a gajiye, ina ta godiya ga Allah. Tafiyar nan ta koya mini cewa na'urar tana riƙe abin da aka ba ta, har ta ceci rai da shi, amma sai an kira mata suna take buɗe baki. Yanzu duk sunan da zan buga ina bugawa a hankali, saboda na ga irin nauyin da faɗinsa ya yi wa wata uwa.