Inna Habsatou da Keke Mai Takawa

Da an idar da sallar asuba, da mijinta Inna Habsatou take farawa. Ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta murza masa ƙafar hagu da man zafi har gumi ya karyo mata, ta zaunar da shi bakin taga inda yake hango masu jan kwalaye a titunan Xiaobei, unguwarmu a birnin Guangzhou na ƙasar China. Sannan ta yaye zanen da ta rufe keken ɗinkinta, ta ce, “To Malam, mu ma mu hau namu aikin.”

Aikin nata ɗinka wa jiragen ruwa riga ne. Ƙananan jiragen nan na shaƙatawa masu tafiya da iska, in an dawo da su gaɓa aka naɗe ƙyallen da iska ke turawa, sai an lulluɓe su da tamfol, in ba haka ba rana da ruwan Guangzhou su cinye su. ’Yar Maraɗi ce, ɗiyar baduku, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba sai da aure ya kawo ta nan.

Mijinta, Malam Barmo, a da yana haɗa wa ’yan kasuwa kaya a tashar jiragen Huangpu. Can ya yanke jiki ya faɗi wajen lodi, ɓarin jikinsa ya shanye. Likitoci suka ce zai iya takawa in aka dage da gashi da motsa jiki, in kuwa aka katse, shi ke nan. Manyan mazanmu Hausawan garin suka zauna a gidan abinci suka yanke shawara, suka turo Alhaji Ghali, Bakano mai fataucin takalma, ya faɗa mata.

“Hajiya, a sa shi a jirgi kawai, ya yi jinya cikin dangi. Mace ita kaɗai a ƙasar nan, da me za ki riƙe shi?”

Ta amsa da Hausarta ta Maraɗi: “Alhaji, da ƙahwatai ya zo garin ga. Da ƙahwatai za ya hita.”

Faɗar ba wuya. Amma mutumin da ba ya iya juyawa da kansa ba a barinsa a tafi shago, dole sana’ar ta shigo ɗaki ta same ta. Ƙofar ta buɗe ne a asibiti. Ta ɗinka wa keken guragun Malam murfin tamfol da basilla saboda ruwan sama. Wani ɗan China ya tsaya yana shafa ɗinkin da yatsa, ya ciro waya ya nuna mata hoton jirginsa. Ta gyaɗa kai tun ba ta san da me za ta ɗinka ba.

Ɗan kekenta na atamfa ya gwada, ya kasa. Allura ta karye, zare ya cukurkuɗe, tamfol na sama ya zame ya bar na ƙasa. Sai ta tuna irin keken da ta taɓa gani wurin masu ɗinka jakunkuna a garin Shiling, wanda ƙafarsa ke ɗagawa ta taka yadi, ta ja sama da ƙasa tare. Ba ta san sunansa ba, ta raɗa masa nata: keke mai takawa. Ta faɗa wa wayarta haka don ta fassara, ta nuna wa wani mai shago. Mutumin ya yi murna, ya ja ta har bene, ya buɗe mata sito cike da kekunan hawa.

Labarin ya riga ta isa Xiaobei. Alhaji Ghali har da riƙe ciki. “Hajiya mai keke! Tsere za ki shiga? Wai jirgin ma da za a yi wa rigar, na sama ne ko na ƙasa?”

“Ka bari in gama, Alhaji, kai ma sai in auna ka.”

Daga ranar ta daina tambayar waya. Ta yanki tamfol ta ninka shi kauri, irin inda kusurwa ke haɗuwa da ɗamara, ta jefa a jaka. Mu ɗalibai mata ’yan gida da ke karatu a garin muka karɓi zama da Malam, ita ta kama hanyar Shiling. In ta shiga shago sai ta ajiye tamfol ɗin, ta sa yatsu biyu su yi tafiya a kan tebur. Wasu su ce “meyo”, wato babu. Wasu su nuna mata sabo mai ƙyalli da ɗinkin ado kala-kala, ta cusa masa tamfol, ya shaƙe. An nuna mata na masana’anta mai huda komai, amma rurinsa zai tayar da maƙwabta su kai ƙara wajen mai gida, ga marar lafiya a gefe. Shawara kuwa ta sha ta: ki ɗauki babban, ki ɗauki sabon, ki haƙura. A ƙarshe wani tsohon keke ta zaɓa, fentinsa ya goge, injinsa ba ya motsi sai an taka shi. Ya haye kaurin nan a hankali, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuyar da kunne tana sauraro. Ta ce, “Wannan ya san gidan da ake jinya.”

Ke ce, Inna, muka gani da yatsu a tsattsage, kina kokawa da tamfol ɗin da ya fi ɗakinki tsawo. Ke ce kika warware rigar jirgi guda don kabu ɗaya ya karkace, ba wanda ya sa ki. Masu cewa mace a garin nan ko ’yar rakiya ce ko mai tuƙa tuwo, ban ga ɗayansu ya ɗaga bandir ɗin nan ya hau bene da shi ba.

Da yake ɗakin ƙarami ne, ƙarshen tamfol kan cinyar Malam yake sauka. Ta ce ya riƙe mata. Ya fara da hannu mai lafiya, ta hana, ta ce wancan da ya shanye take so. Yadi ya suɓuce, ta ɗauko ta mayar, ya sake suɓucewa. Shekaru suka tafi a haka. Wata safiya ta ji wani bugu da ba na keke ba. Ta leƙa, ƙafar Malam ce ta hagu ke bin takun ƙafar keken a kan daɓe. Ta ci gaba da ɗinki, hawaye na ɗiga a kan tamfol.

Ranar Juma’ar da ta wuce Inna da Malam suka yi sallama da Guangzhou, za su koma gida. Alhaji Ghali ya zo taya kwashe kaya. Ganin Malam Barmo a bakin matakala da sanda, sai ya durƙusa ya ba shi baya zai goya shi.

“A’a Alhaji,” in ji Inna. “Ɗauki keken ɗinkin. Shi ne ba ya saukowa da kainai.”

Alhaji ya rungumi kan keken yana nishi. Malam ya biyo bayansa, taku bayan taku, har bakin titi.

Mun gode, Habsatou ta Barmo, mai allurar da ba ta tsoron kauri. Allah ya ƙara wa idonki haske, ya ƙara wa Malam ƙarfin ƙafa. Ku kuma ’yan’uwana mata, duk ranar da aka yi zama aka yanke cewa ba za ku iya ba, ku ninka tamfol ɗinku ku jefa a jaka, ku je ku gwada da kanku.