Tufafina a Ninke a Kan Tsibiri

Jama'a, wannan da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ko yau aka ce in rantse zan rantse. Lokacin ina saurayi, ina aikin gyaran injin ban-ruwa. Gidanmu yana Omdurman, tsallaken kogi daga Khartum a ƙasar Sudan, amma yawancin aikina a gonakin Soba da Aljirif yake, can bakin kogin Nilu, wanda mu a nan bahar kawai muke ce masa. Farkon mulkin soja ne, zamanin da saurayi in ya fita titi bai da tabbacin zai kwana gida, don motar sojoji tana iya tsayawa a kwashe ku a wuce da ku sansanin horo, iyaye su yi ta nema. Saboda haka ko hutu ya zo ba ma son yawon gari.

Ina da wani ɗan yayan babana, Yaya Sale, wanda ya daɗe a Bor Sudan, garin bakin teku, yana aiki a jirgin ruwan da ke ɗaukar Turawa masu yawon hutu, ana kai su daga wannan tsibiri zuwa wancan a Bahar Maliya suna nutso suna kallon kifi. Da baƙi suka daina zuwa sai ya dawo gida da 'yan kayan aikinsa: tabarau na nutso, da bututun da ake sawa a baki ana numfashi fuska na cikin ruwa, da wasu takalman roba kamar ƙafar agwagwa, da tsohuwar tukunyar iska da ake goyawa a baya. Kullum in mun zauna shan shayi sai ya cika mu da labarin kifaye masu launi da duwatsun murjani, ya ce mu mutanen Khartum an haife mu a bakin ruwa amma ba mu taɓa ganin cikinsa ba. Ni kuwa na iya iyo tun ina yaro, abin yana ba ni haushi.

To cikin hutun ƙaramar Sallah sai ya ce in shirya, ni ma zai yi mini irin yawon da yake yi wa Turawa. Lokacin zafi ne, ruwa ya ja baya ya ɗan yi haske, tsibiran yashi sun fito a tsakiyar kogi. Muka je Aljirif muka samu wani dattijo mai kwale-kwale, Baba Idrisa, wanda na sani tun ina gyara injin gonar maƙwabcinsa. Ya ce zai kai mu, amma mu sani duk inda muke, kafin magariba kwale-kwalensa yana ɗaure a gaɓa, domin sojojin da ke gadi ba sa tambaya in sun ga abu yana motsi a kan ruwa bayan faɗuwar rana. Muka ce ai tun la'asar za mu dawo.

Gaskiya da farko mun ji daɗi. Tsibirin da muka fara sauka wani ya shuka kankana a kai, muka gaisa da shi ya yanka mana ɗaya. Na gaba tsuntsaye ne kawai da kashinsu. Yaya Sale ya koya mini yadda ake tofa miyau a gilashin tabarau don kada ya yi hazo, da yadda ake fesar da ruwa in ya shiga bututu. Bayan mun yi azahar muka isa wani wuri mai zurfi da ruwa ya lafa, Baba Idrisa ya jefa dutsen da yake ɗaure kwale-kwale da shi, ya hura gawayi zai dafa mana gahawa. Na tuɓe jallabiyata fara ta Sallah, na ninke, na ɗora hulata a kai, na ajiye jajayen takalmana a gefe, na tura agogona cikin na dama. Na shiga ruwa daga ni sai gajeren wando.

Cikin bahar ba kamar yadda Yaya Sale yake ba da labarin nasa teku ba ne. Kore-kore ne mai duhu, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mutum. Amma na ga yashi layi-layi, na ga tarwaɗa ta wuce, na ga wani ƙaton kututture a kwance a ƙasa. A gindin kututturen nan sai na hango tulu a tsaye, tsaf, kamar yanzu wata ta ajiye shi. Na ja numfashi na nutsa don in duba. Kafin hannuna ya kai sai na ji ruwa ya juya ni, sanyi ya buge ni kamar an buɗe wata ƙofa, na rasa ina sama ina ƙasa. Na yi ta harbin ƙafa har kaina ya fito.

Da na cire tabarau sai na gan ni a bakin wani tsibiri. Ban tuna mun ga tsibiri a kusa ba, amma ban damu ba, na ce ruwa ne ya ja ni. Na hau yashi na juya, ga kwale-kwale can ba nisa, ga Baba Idrisa yana fifita gawayi, ga Yaya Sale yana leƙen ruwa. Na ɗaga hannu na ce, "Yaya, ga ni nan." Bai juyo ba. Na ƙara da ƙarfi. Shiru. Sai na ga ya miƙe tsaye yana kiran sunana, yana duba ko'ina, idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar babu komai a wurin sai ruwa.

Na ce wasa yake yi mini. Na koma ruwa na kama iyo na nufe su, ina ganin kwale-kwalen yana matsowa har ina iya karanta salatin da aka rubuta a jikinsa, sai 'yar igiyar ruwa ta rufe mini fuska, ina share ido na ji gwiwata ta taɓa yashi. Tsibirin ne. Wurin da na tashi, ga sawun ƙafata. Na sake. Na sake ta wani gefen. Na bar kwale-kwalen na nufi gaɓar Soba inda nake hango hayaƙin masu gasa bulo. Duk inda na dosa, sai in buɗe ido in gan ni a kan sawuna. Ban san sau nawa na yi ba, na dai yi har hannuwana suka daina ɗaguwa.

Su kuma suna ta nema. Baba Idrisa ya ɗauko doguwar gorarsa yana caka ruwa, suka tuƙo suka wuce ta gabana kusa ƙwarai, wallahi har ƙanshin gahawar da ta ƙone a kan wuta na ji. Na ga Yaya Sale yana goya tukunyar iska, ya faɗa ruwa, ya daɗe, ya fito, ya sake komawa. Ina ihu har muryata ta dishe. Wani abin da na lura da shi kuma, a wurinsu inuwa tana ƙara tsawo, amma inda nake rana tana tsaye cak a wuri ɗaya, kuma ba ta da zafi ko kaɗan. Sanyi nake ji har haƙorana na haɗuwa.

Da na gaji sai na hau tudun tsibirin ko zan ga wani abu ta baya. Abin da na gani shi ne ya sa har yau ba na son ganin kaya a ninke a ƙasa. Tufafi ne a jere a kan yashi, layi guda mai tsawo, kowanne an ninke shi da kyau da takalmi a gefensa, irin yadda mutum yake yi in zai shiga wanka yana da niyyar fitowa. Akwai jallabiyoyi, akwai mayafan mata, akwai kayan 'yan makaranta, akwai kakin soja da takalminsa, akwai wasu riguna na saƙi irin waɗanda sai a akwatin kakanni ake gani. Na bi layin ina kallo ƙafata na nutsewa a yashi. A can ƙarshe ga farar jallabiya, ga hula a kai, ga jajayen takalma. Na durƙusa na leƙa na dama. Agogona yana ciki.

"Sa rigarka mana, ɗana, sanyi kake ji."

Mace ce ta yi maganar. Tana zaune ta ba ni baya, ta lulluɓe da farin mayafi, tana ninke wani zane a cinyarta. Ban ga lokacin da ta zo ba. Muryarta mai daɗi ce, irin ta uwa, kuma wallahi a lokacin babu abin da nake so a duniya kamar in zura rigar nan in kwanta. Ta ce kowa da ya zo nan haka yake wahalar da kansa da farko, amma da ya sa kayansa sai ya huta. Na miƙa hannu.

Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Wani tsoho ne siriri, jikinsa a jiƙe, daga shi sai ɗan zane a ƙugu, yana rawar sanyi fiye da ni. Ya yi mini magana da wata irin Hausa tsantsa wadda babu Larabci ko ɗaya a ciki, irin ta kakata da ta zo ƙasar nan a ƙafa kan hanyar Makka. Ya ce, "Yaro, kar ka taɓa. Ni ban sa nawa ba, shi ya sa har yanzu nake jin sanyi. Kai kana da mai nemanka, ni nawa sun daɗe da wucewa."

Na ce, "Baba, na yi ta iyo, ruwan yana dawo da ni."

Ya ce ai ta sama nake bi, kuma ba ta sama na shigo ba. Ya ja ni zuwa bakin ruwa ya nuna mini wani wuri da ya yi baƙi ƙirin yana juyawa a hankali. Ya ce in nutsa nan, in yi ƙasa, ko ƙirjina zai fashe kar in juyo. Na dubi kwale-kwale, a can wurinsu rana ta yi ja, Baba Idrisa yana jawo igiyar dutse yana yi wa Yaya Sale magana yana nuna gaɓa, shi kuma yana girgiza kai yana kuka yana roƙonsa. Na gane tafiya za su yi. A bayana matar ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ina za ka kuma? An riga an ajiye maka wuri."

Na yi kalmar shahada na faɗa.

Duhu ne kawai da sanyi. Ina ta yin ƙasa kunnuwana kamar za su tsage, iska ta ƙare, jikina duka yana ce mini in koma, na fara haɗiyar ruwa. Daga nan sai na ji an damƙi gashina, an cusa mini wani abu a baki, iska ta shigo mini. Yaya Sale ne. Ashe ya roƙi Baba Idrisa ya bar shi ya yi nutso na ƙarshe da 'yar iskar da ta rage masa.

Sun jawo ni cikin kwale-kwale ina amai ana kiran magariba a masallatan Aljirif. Baba Idrisa ya lulluɓa mini rawaninsa, ya kama tuƙi da sauri yana bin gefen ciyawa don kada a hango mu. Yaya Sale ya ce a ƙarƙashin kututturen nan ya same ni, wurin da ya duba ya sake dubawa tun azahar bai ga kowa ba. Na ce a tsibiri nake. Suka dubi juna. Baba Idrisa ya ce tun yana yaro yake bin wannan ruwa, babu tsibiri a wurin. Na ce a miƙo mini kayana. Aka ɗaga tabarma, aka duba ƙarƙashin benci, babu riga, babu hula, babu takalmi. Da rigar Yaya Sale na koma Omdurman, na yi kwanaki ina zazzaɓi, mahaifiyata tana ta kawo malamai suna yi mini tofi.

Na san abin da wasu za su ce, an riga an gaya mini: wai mutum in yana nutsewa yana ganin abubuwa, wai ƙila na samu wani lungu mai iska a cikin kututturen, wai kayan iska ce ta kwashe su. To, Allah ne masani. Ni dai na san Yaya Sale, mutumin da ya yi shekaru yana nutso a teku, tun ranar bai ƙara shiga ruwa ba, ya koma sayar da kayan gyaran mota a kasuwa. Na sha tambayarsa dalili yana kauce wa maganar. Sai da girma ya kama mu, wata rana muna zaune a ƙofar gidansa bayan an yi sunan jikarsa, ya ce mini, "Ka san ranar nan ba ni kaɗai na fito da kai ba." Na ce kamar yaya. Ya ce lokacin da ya kamo gashina ya ja, na ƙi tahowa, da ya shafa sai ya ji hannu riƙe da idon ƙafata, hannu mai laushi da awarwaro. Yana cikin kokawa sai ya ga wani hannun, siriri duk ƙashi, ya fito daga cikin duhu yana ɓanɓare yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bai ga fuskar kowa ba, kuma bai tsaya dubawa ba.

Ni ban taɓa gaya masa labarin matar da tsohon ba. Ban gaya wa kowa ba a lokacin.

Har yau in na yi sallah ina sa tsohon nan a addu'a, ko da yake ban san sunansa ba, ban kuma san ko addu'ar tana isa inda yake ba. Ku kuma masu zuwa yawon hutu bakin ruwa, ko kogi ne ko teku, shawarata gare ku ita ce kar ku shiga ku kaɗai, ku tabbata akwai wanda ya damu da ku a sama, wanda ba zai tafi ba ko an ce masa dare ya yi. In kuma kun ga wani abu a ƙasan ruwa a tsaye tsaf kamar yanzu aka ajiye shi, ku bar shi inda yake.