Kwamfutar da Inna Ta Lulluɓe

Mahaifinmu malamin allo ne a Kurfi, kuma duk azumi shi ke jan baƙi wurin tafsiri a masallacin unguwa. Akwai shekarun da aka ɗauki karatunsa a kaset. Da na ga kaset ɗin sun fara cin zare, sai na juye su cikin tsohuwar kwamfutata ta tebur a Dutsin-Ma, inda nake koyarwa. Ba a daɗe ba suka ƙarasa lalacewa, muryar Malam ta rage a wuri ɗaya tak.

Ya rasu ana tsakiyar bazara. Mahaifiyarmu, Inna, ta shiga takaba, ba fita ko ƙofar gida. Ga ta mace ce da ba ta iya zama, biki da suna da dubiya duk ƙafarta na ciki. Na ga ɗakin yana neman cinye ta, sai na ɗauko kwamfutar na dasa mata, na saita ta yadda da ta danna maɓalli ɗaya karatun zai fara. In an kawo wuta ta danna, Malam ya ɗauko. Akwai inda ya yi tari a tsakiyar wata sura, Inna ta haddace wurin. Tana jiran tarin nan kamar yadda take jiran sallamarsa a zaure.

Wata Asabar na zo na tarar da akwatin kwamfutar a kan kabad, an naɗe shi tsaf da bargon Malam, an ɗora darduma a sama. Ko kafar shan iska ba a bari ba, a wannan zafin.

“Inna, mi ya sa aka ruhe ta haka?”

“Alƙur’ani na ciki, in bar shi a buɗe a ƙasa?” Ta dube ni kamar ba a gidan na tashi ba. “Jiya dai ta yi ta ƙas-ƙas, sai Malam ya tsaya tsakiyar aya. Duba mani.”

Na ce ƙaramin abu ne, na rungumo akwatin na koma Dutsin-Ma.

Mai gyara ya kwance murfin, ya kunna, ya kara kunnensa. Ya ce faifan ajiya ne ya mutu, wato wanda ke riƙe duk abin da aka zuba a kwamfuta.

“Zafi ne ya dafa shi, Malam. Toshe mata iska aka yi?”

Na ce ya dai gwada ko karatun zai fito. Ya jona faifan a tasa kwamfutar, ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ba abin da ke fitowa sai ƙas-ƙas. Daga nan ya zare wayoyi biyun da ke bayansa, ya kwance kusoshi, ya zura sabo a gurbin. Saurin aikin ya ba ni haushi, ban san dalili ba. Kwamfuta ta tashi garau, ba komai a cikinta. Da ya ga fuskata sai ya zuba mani karatun manyan alarammomi, ya miƙo mani tsohon faifan na sa a aljihu.

A nan na maƙale. Kwamfuta ta gyaru, na ajiye ta a ɗakina na kasa mayarwa. Kurfi ba nisa, motoci na ta lodi a tasha, amma kullum sai na samo wa kaina uzuri. Duk wayar da muka yi, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: an gyara? In na faɗi gaskiya, na gaya mata ke nan da hannunta ta yi wa mijinta shiru, alhali girmama shi ta yi. In na ce da saura, na bar ta zaune tana kallon kabad. Ita takaba ta tsare ta a ɗaki, ni ba wanda ya tsare ni, amma na fi ta rashin wurin zuwa. Tsoron ranar da zan mayar mata da ita na ji fiye da tsoron da na ji ranar jana’iza.

Da uzurina ya ƙare na tafi. Na jona, na danna. Wata murya mai daɗi ta cika ɗakin, ba tari, ba gargada. Inna ta saurara har aka kai ƙarshen aya, don ba ta katse karatu.

“Kashe. Wanga baƙo ne. Malam fa?”

Na ciro tsohon faifan na ɗora mata a tafin hannu.

“Yana nan ciki, Inna, hitowa ce ba ya yi. Tsufa ya kama abin.”

Ta juya shi, ta shafa shi da babban yatsa. Sai ta jawo rawanin Malam daga ƙarƙashin matashi, ta warware shi a cinyarta. Har ta fara naɗewa sai hannunta ya tsaya.

“Wanga in na lulluɓe shi, zahi ba ya ƙara yi mashi komi ko?”

Ni ban taɓa ambata mata zafi ba. Na ce ba ya yi, Inna. Ta ƙarasa naɗinta a hankali, ta miƙe, ta ɗora shi a kan kabad.