Fayafayan Kawu Umaru

A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wata Asabar da hantsi, wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Kawu Umaru da ke rukunin gidajen ma'aikata a bayan Sama Road. Ina tsugune bakin famfo ina wanke kwanonin kumallo, sai na ga leburori suna sauko da wani dogon akwatin katako mai sheƙi, mai gajerun ƙafafu, Kawu na biye da su yana ta cewa a bi a hankali. Na ɗauka akwatin tufafi ne. Da aka jingina shi da bangon falo aka sa masa wuta, Kawu ya ɗaga murfin, ya zaro wani baƙin faifai daga cikin kwali, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar mai ɗauke da kwanon miya mai zafi, ya aza, ya sauke allura. Ya leƙo ta taga ya ce, "Balki, goge hannunki ki taho ki zamna." Na shiga na zauna a kan leda, ruwan sabulu bai gama bushewa a hannuna ba. Da farko wata sarewa ce ita kaɗai, siririya, kamar daga nesa. Can sai ganguna suka faɗo mata gaba ɗaya, har gilashin taga ya yi rawa. Na zabura zan gudu, Kawu ya yi dariya ya dafa kaina. Ban kai shekara goma ba a lokacin.

Kawu Umaru ƙanen mahaifiyata ne. A Ƙofar Atiku aka haife ni, amma aka kawo ni wurinsa don in yi makarantar boko in kuma ɗebe wa matarsa, Inna Luba, kewa, tun da Allah bai ba su haihuwa ba tukuna. Injiniyan ruwa ne, a Ingila ya yi karatu, aikinsa haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Da ya dawo gida bai zo da wani abin kirki ba sai littattafai da kwali guda na fayafayai, ya kuma yi shekaru yana ajiye da su ƙarƙashin gado kafin ya iya sayen abin da zai sa su. Kusan dukkansu na ƙungiya ɗaya ne, wasu samarin Turawa masu dogon gashi har kafaɗa. A bayan kwalayen an zana abubuwan da ban taɓa gani ba, duwatsu na shawagi a sama, bishiyoyi da fuskokin mutane. Inna Luba ba ta son kallon su, takan kifa su in ta zo shara.

Aikina a gidan bai fi na sauran yara ba. In share tsakar gida tun da sassafe, in ba tumatir da yakuwar Inna Luba ruwa, in ɗauki jakata ta buhu in bi 'yan unguwa zuwa makaranta. Lokacin tara mu sayi ƙosai ko gyaɗa mai gishiri a gindin dogon yaro, mu baje a rairayi muna carafke har a buga ƙararrawa. Da la'asar makarantar allo. Amma Kawu ya ƙara mini wani aiki da nake taƙama da shi fiye da komai: ni ke goge fayafayai. Ya yanko mini ƙyallen karammiski, ya nuna mini yadda zan bi layin faifai a zagaye, kada in taɓa tsakiya da yatsa. In fuska ɗaya ta ƙare, ni ke juyawa. Ko Inna Luba ba a yarda ta taɓa ba.

Kiɗan nan ba irin wanda muka saba ji ba ne. Mu mun tashi da kotso da kalangu da goge, inda mawaƙi zai kafa amshi a yi ta dawowa kansa. Waɗannan mutanen waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai guda, ta fara a hankali, ta ruga, ta tsaya, ta koma wani wuri dabam. Inna Luba takan ce, "Wanga kiɗi ba shi da gaba ba shi da baya. In ka tashi rawa sai shi canza, shi bar ka tsaye." Kawu kuwa cewa yake ba na rawa ba ne, na zama ne. Ba na jin Turancinsu, don haka na raɗa wa waƙoƙin sunayen kaina. Akwai Mai Sarewa, wadda na fara ji ran nan. Wadda na fi so kuwa ita ce Mai Shiru. A tsakiyarta komai yakan ɗauke, ganga da jita da murya, har ka ɗauka wuta aka ɗauke, sannan wani abu mai kaɗa zuciya ya taso daga ƙasa-ƙasa, ya yi ta kumbura har ya cika ɗakin. Duk lokacin da aka zo wurin shirun nan nakan riƙe numfashi. Kawu yakan ɗaga yatsa ɗaya sama, idonsa a rufe, ba ya sauke shi sai kiɗan ya dawo. Ya taɓa gaya mini cewa a wani babban zaure ya ga mutanen da idonsa, lokacin sanyi, bai san kowa a garin ba, kuma ran nan ne ya fara jin zai iya jure zaman ƙasar har ya gama karatu.

Mutum ɗaya ne ke zuwa sauraro tare da mu, Malam Haliru. Tare suka yi makaranta tun suna yara, a ofis kuma shi ne mai bi wa Kawu. Kowace Asabar bayan azahar za ka ji ƙarar babur ɗinsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya miƙo mini alawa, ya ci tuwon shinkafar Inna Luba har ya suɗe hannu, sannan ya miƙe ƙafa a kujera yana kaɗa kai. "Umaru, mutanen ga ba mutane ba na," haka yakan ce in waƙa ta ƙare. Ni kuma yana kirana ɗiyata. Shayi suke sha, in ana zafi lemun kwalba. Ni ke ɗauko kofuna, ni ke wankewa, don haka na san abin da ke shiga gidan.

Shekarun nan kuɗin mai sun shigo gari. Ko'ina buhunan siminti, ko'ina sababbin motoci, mutanen da muka sani suna tallan goro a tire suka wayi gari 'yan kwangila. Wasu sukan zo gidanmu da yamma da manyan riguna suna neman Kawu. Akwai wanda ya aiko da rago gab da Sallah, wani ƙato mai ƙaho a murɗe, Kawu ya sa aka mayar. Inna Luba ta bi ragon da kallo har ya sha kwana, ta wuni ba ta yi wa Kawu magana ba. Malam Haliru ya yi dariya da ya ji labari, ya ce Kawu ya cika Turanci.

Daga nan sojoji suka ture 'yan'uwansu sojoji, sababbin suka ce za su share ma'aikatu. Kullum rediyo na karanta sunayen waɗanda aka sallama nan take. Mutane na taruwa a bakin shaguna suna saurare, wasu har da tafi. Ni ma na taɓa yin tafi a makaranta, don an ce ɓarayi ake kora. Wata rana na dawo na iske Inna Luba zaune a ƙasan madafa, tukunya na ƙauri a kan wuta ba ta ko duba ba. Na ce, "Inna, mi anka yi?" Ta ce, "Sun kira sunan kawunki." Kawu ya shigo bayan la'asar a ƙafa, don an karɓe motar ofis tun a can. Ya yi alwala, ya yi salla, ya zauna a falo bai sa faifai ba. Ba wanda ya kira shi ya tambaye shi wani abu kafin a kore shi, ba wanda ya kira shi bayan nan. Daga baya magana ta zagayo cewa an shaida wa na sama wai yana tara mutane a gidan gwamnati ana shan giya ana kiɗan Nasara, aiki kuma ya sa shi a baya. Ba a faɗi wanda ya kai maganar ba. Abin da na sani shi ne ba mai shiga falon nan ran Asabar sai mutum ɗaya, kuma shi aka ba kujerar Kawu, shi aka ba gidan.

Ranar tashinmu ruwa ya riga ya ɗauke, ana irin zafin nan na kaka da ke sa kwalta ta yi laushi. Malam Haliru ya zo da leburorin ofis, ya tsaya a inuwar baranda yana nuna musu abin da za su fitar. Ya gaisa da Kawu da hannu biyu, ya ce duk abin daga Allah ne. Kawu ya amsa, sannan ya tafi tasha neman babbar mota. Aka zuba kayanmu a fili, gadaje da katifu da tukwane. Inna Luba ta tare tasi don mu yi gaba da ƙananan kaya, motar ta cika maƙil, kwalin fayafayai bai samu wuri ba. Na jawo shi zuwa baranda, na durƙusa na ce wa Malam Haliru don Allah a bar shi a inuwa, Kawu ya ce rana na ɓata su. Ya shafa kaina. "Tai abinki, ɗiyata. Ni da kaina za ni aza su mota."

Babbar motar ba ta samu ba sai da yamma. Da Kawu ya koma ya tarar leburori sun zazzage kwalin sun zuba tangaran a ciki, fayafayan kuma an baje su a kan teburin ƙarfe a tsakiyar rana, wasu ma sun zame daga rigunansu. Malam Haliru na cikin falo yana auna taga don labule. Kawu ne ya gaya wa Inna Luba wannan, ni kuma ina bayan ƙofa na ji.

Gidan kakana muka koma, Alhaji, mahaifin Kawu, mai sayar da yadi a Ƙofar Taramniya. Babban gida ne mai sassa da yawa, aka ba mu ɗaki biyu kusa da turken awaki. Washegari na roƙi Kawu mu gwada. Aka jawo wayar wuta daga zaure, na zaɓo Mai Shiru na goge ta da ƙyallena. Ta lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe. Allura ta riƙa hawa tana sauka, jita na miƙewa tana karyewa, muryar mawaƙin kamar ta mai jin jiki. Yaran gidan da suka taru bakin ƙofa suka fashe da dariya. Ba mu kai wurin shirun ba Kawu ya ɗage allura, ya rufe murfin, ya fita. Na zauna na yi kuka har Inna Luba ta daka mini tsawa, ta ce aiki ya tafi, gida ya tafi, ni a kan roba nake kuka. Ita ma idonta ja wur.

Dangi ba su ji tausayinsa sosai ba. Wasu sun faɗa a gabana cewa kiɗan ne ya jawo masa, wanda ya mai da gidansa gidan goge dole ya gamu da abin da ya gamu. Alhaji bai ce haka ba. Ya miƙa masa almakashi da sandar awo ya ce, "Shago na nan. Yadi ba shi korar mutum cikin rediyo." Akwatin ya koma wurin aza kwanoni. Fayafayan kuwa yara suka kwashe, suna wurgi da su a lungu suna gasar wanda nasa zai fi nisa. Na taɓa ganin ɗaya an rufe ƙwaryar fura da shi. Na yi dambe da wani yaron gidan a kan Mai Sarewa, ya fasa mini leɓe, faifan kuma ya tsage a hannunmu.

Kawu ya yi sauran rayuwarsa a shagon nan yana yanka atamfa da shadda. Bai sake neman aikin gwamnati ba, bai kuma taɓa ambatar sunan Malam Haliru da sharri ba, a gabana dai. In sun haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza sukan gaisa. Malam Haliru ya yi ta hawa har ya yi ritaya da lambar yabo, ya gina masallaci a unguwarsu, da ya rasu aka cika titi. Na girma, na yi aikin koyarwa, na yi aure na haifi nawa. Shekarar da Kawu zai rasu na je gaishe shi, yana kishingiɗe a zaure, ido ya fara ba shi wahala. Na ce ya tuna mini sunan mutanen nan masu kiɗin, don yanzu ana samun komai a waya, in nemo mana mu ji. Ya ce, "Wane kiɗi, Balki?" Ban san ko ya manta ba ne, ko ba ya so.

Yau jikokina na yawo da waƙoƙin duniya kaf a aljihu. Su sa wannan, kafin ta yi nisa sun tsallake zuwa wata, ba mai gogewa, ba mai juyawa, ba abin da rana za ta iya yi musu. Sun sha cewa in rera musu ko kaɗan ne za su nemo mini, amma muryata ba ta iya ɗaukar abin, kuma ko an samo ba ni da wanda zan zauna da shi in ji. Wani lokaci ina cikin tsintar shinkafa sai wani yanki ya zo mini, in bi shi har inda ya ɓace. Har yau ban yafe ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa neman in yafe.