Kwana Tara Ina Ɓoye Haɓon Ɗiyata

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Lokacin da abin ga ya faru ina da shekara ashirin da ɗaya, ina aure a wani ƙauye kusa da Kagara, ƙasar Goronyo, da ɗiya guda 'yar shekara biyu da rabi. Bokona aji huɗu ya tsaya, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Maigidana manomin rani ne. Tun da anka ja ruwan dam zuwa fadamarsu, albasa da tafarnuwa yake yi, ya fita da sassafe, sai la'asar a gan shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsoro. In ɗiyar ta yi tari sau biyu, na ƙirga. Sai dai ita ce ta fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi. Uwar maigidana, da muke kira Inna, ita ke da ita. Nawa kallo ne ta gefen ido.

A haka fim ɗin Koriya ya same ni. Maigida ya saya mini waya, masu tura fim a kasuwa sunka cika mini kati da masu fassarar Hausa, irin wadda mutum guda ke yin muryar saurayi da budurwa da tsohuwa duka. In na gama aikin rana sai in zauna bakin ƙofa in kunna. Gaskiya ba kyawun samarinsu ya kama ni ba, iyayensu mata ne. Uwa ta ɗebo nama daga kwanonta ta ɗora a kan shinkafar ɗanta, ta dake shi a baya tana kuka, ta kira sunansa da ƙarfi a tsakiyar titi. Abin da ba ni da ikon yi, su suna yi mini shi. Ga ladabi, suna tuɓe takalmi a bakin ɗaki, suna rusuna wa manya kamar mu. Ranar da Inna ta leƙo ta ga ƙato ya goya mace a bayansa, salati ta yi, ta tambaya ko ƙasar tasu ba jakai. Amma suna da aibu. Labari ba ya ƙarewa, kuma da zarar mutum biyu sun fara jin daɗi sai mota ta kaɗe ɗaya ya manta kowa. Na kuma lura da wani abu da ba wanda ya gaya mini: duk wanda jini ya ɗigo daga hancinsa ba ya kai kashi na ƙarshe. Fim huɗu na gani haka. Likita zai ce ciwon jini ne marar magani, mai ciwon kuma ya ɓoye, yana murmushi, don kada danginsa su wahala.

Ƙanwar maigidana, sa'ata ce, malamar firamare a Wurno, ita na Japan take kallo. Nata ba su da fassara, rubutun Turanci ne a ƙasa tana karanta mini. Duk hutun da ta zo sai mun yi musu. Ta ce wai ko dam ya ƙafe, a kawo 'yan Koriya uku su yi kuka, albasar Yaya za ta sha ta ƙoshi. Ni kuma in ce mi ake kallo a nata, mutum ya yi rabin awa yana yanka kifi bai ce uffan ba, kashi goma an tashi, ba biki ba suna, ba ka san wa ya auri wa ba. Akwai wani nata na tsohon likitan ƙauye da ya fi ba ni haushi. Ana kawo masa marar lafiya ana ihu, shi kuwa sai ya gyara tabarau ya hau ƙananan tambayoyi, mi ka ci, wane gefe kake kwanciya. Na taɓa ce mata ai Yayanta ma ɗan Japan ne, don bai taɓa ce mini yana sona ba, sai dai ya shigo da kankana ya ajiye gabana ya wuce. Ta yi dariya har ta ƙware.

A bazarar shekarar anka cire tafarnuwa, tsakar gida ta cika da ita ana shanya ana ware iri, ɗiyar tana yawo a ciki tana wasa. Wata rana da hantsi na share mata fuska da farin kallabina, sai ga jini daga hancinta. Inna ta duba ta ce haɓon zafi ne, ta zuba mata ruwan randa a ka, jinin ya tsaya, kowa ya koma aikinsa. Ni kaɗai na san abin da jini a kan farin ƙyalle ke nufi. Washegari ya dawo, kaɗan, haɗe da majina. Na goge da sauri, ban faɗa wa kowa ba. Jibi ma haka. Ina jin kunyar in je gaban Inna ina rawar jiki a kan 'yar fari, a ce wagga yarinya ba ta da ta ido. Ina kuma tsoron in na faɗa, a kai ta asibiti, likita ya ja maigida gefe ya faɗi kalmar nan, shi ke nan ta tabbata. Sai na zaɓi abin da na ga jarumai mata na yi, na yi shiru ina murmushi.

Allah ya yafe mini abin da na yi a kwanakin nan. Maimakon magani, bankwana na shiga yi. Na riƙa wanke ƙyallen a bayan ɗaki. Na ɗauke ta hoto a waya har wayar ta cika. Na fito da atamfar da na ajiye mata ta salla na sa mata ranar Talata. In mun shiga ɗaki sai in rufe ƙofa in goya ta ina zagaye, ina raɗa sunanta a kunnenta. Na daina cin abinci. Maigida ya tambaye ni mi ke damuna, na ce ciwon kai, ya dube ni ya jima, washegari ya kawo kankana biyu. Ita kuwa ɗiyar ta fara numfashi ta baki, tana minshari ko da rana, tana ture hannun duk wanda ya nufi fuskarta. Na ji wani wari daga hancinta, amma gidan duka warin tafarnuwa yake, ba wanda ya kula. A kwana na takwas jikinta ya yi zafi. Na ce a raina mun shiga kashi na ƙarshe.

A na tara ƙanwar maigida ta iso hutu. Ta ishe ni a ɗaki ido ya kumbura, waya a kashe. Ta ce to matar Yaya, yau kuma wa ya mutu, ɗan mai kuɗin ko 'yar talakan? Sai kuka ya ƙwace mini, na riƙe zanenta na ce ɗiyar ga ciwon jinin 'yan Koriya ne ya kama ta, kwana tara ke nan. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ajiye jakarta ta zauna a ƙasa, ta tambaye ni wane hanci. Na ce na hagu. Ta ce kullum? Na ce kullum, na dama bai taɓa yi ba. Ta tambayi kalar majinar, da warin, da gefen da take kwanciya, da abin da take wasa da shi ranar farko. Duk na amsa ba gargada, don kwana tara ba abin da nake yi sai kallon hancin nan. Sai ta ce in riƙe mata kai, ta haska tocilan ɗin waya, ta ce akwai wani abu fari can ciki, kada wanda ya sa tsinke. Ta miƙe ta fita tsakar gida ta faɗa wa Inna da ƙarfi, abin da na kasa yi tun farko.

Anka kira maigida a waya, ya zo da taɓo har gwiwa, ko wanke ƙafa bai yi ba. Munka hau babur zuwa asibiti a Goronyo, ɗiyar a tsakiyarmu. Wata nas mai fara'a ta sa anka naɗe ta da zane, ta sa ɗan hantsaki, kafin in gama salati ta zaro ƙwayar tafarnuwa, irin siraran nan na tsakiya, ta kumbura ta fara ruɓewa. Ta ce yara na yin haka, da wake, da masara, da dutsen ado, kuma jini da wari daga hanci guda shi ne alamarsa. Ta ce wurin ya yi gyambo, shi ya kawo zazzaɓin, da an ƙara kwanaki ciwon na iya yaɗuwa, ko abin ya zarce ya toshe mata numfashi. Sannan ta tambaya tun yaushe. Na ce kwana tara, kaina a ƙasa. Maigida ya karɓi ƙwayar a tafin hannunsa ya ce wannan ai iri ne mai kyau, ɗiyar ta fi shi iya zaɓe. Kowa ya yi dariya.

Da munka dawo na ɗauka Inna za ta kore ni gidanmu. Ta yi faɗa kam, ta ce ita da ta raini shida ba ta taɓa jin an yi wa ɗiya takaba tana raye ba. Da ta huce sai ta kwance ɗiyar daga bayanta, ta ɗora mini ita a cinya gaban kowa, ta ce sunan dai in ci gaba da ɓoyewa yadda anka saba, amma ciwo ba ya cikin kunya, ko tana kan sallaya in tsaya kanta har ta sallame in faɗa mata. Na rungume ɗiyata a tsakar gida, karo na farko, ba wanda ya kau da kai.

Ban daina kallo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na Koriya har gobe ina son su, su sunka nuna mini uwa na iya son ɗanta a fili, amma sun iya dasa tsoro don kada ka tashi daga gaban waya, ni kuma na ɗauki tsoron na ɗora wa ɗiyata. Na Japan yanzu nakan zauna musu, na gane tsohon likitan nan ba sanyin jiki ke gare shi ba, dubawa yake kafin ya firgita. Sai dai shirunsu na bar musu kayansu, shiru ya ishe ni. 'Yan uwana mata, musamman masu ɗan fari, abin da kunka gani a jikin yaro ku faɗe shi ranar, ku kai shi a duba. Mai fim ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya fara, ke ba ki san na ɗanki ba. Ɗiyar tana aji biyu yanzu, lafiya lau, ba ta cin miyar da anka sa tafarnuwa. In muna kallo tare jini ya ɗigo daga hancin wata kyakkyawa, kiɗan baƙin ciki ya tashi, ita ke riga ni tambaya: na hagu ne ko na dama?